Laccar Yini Ɗaya Ba Za Ta Haɗa Kan Likita Da Nas Ba

Akwai wani yayi da ya shigo kwalejojin koyon aikin lafiya a 'yan shekarun nan wanda ke ƙona mini rai. Da zarar hukumomin tantance makarantu sun ce dole a koya wa ɗalibai aiki tare, sai makaranta ta ware yini guda a shekara, ta tara ɗaliban likitanci da na jinya da na harhaɗa magunguna da na ɗakin gwaji a babban zaure, a yi musu lacca kan muhimmancin haɗin kai, a rubuta a rahoto cewa an cika sharaɗi. Wasu makarantun ma sun mayar da abin darasin intanet, kowane ɗalibi ya zauna shi kaɗai a ɗakinsa yana danna kwamfuta, wai yana koyon aiki da jama'a. Wanda ya taɓa leƙa irin wannan zaure ya san yadda zaman yake: ɗaliban likitanci sun kama kujerun gaba, na jinya sun cure a gefe guda, masu harhaɗa magunguna na can baya. Ana tashi kowa ya bi 'yan ajinsu. An yi ba a yi ba ke nan.

Abin takaicin shi ne maganar ba sabuwa ba ce, balle a ce ba a fahimce ta ba. Tun 1988 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da rahoto kan a riƙa koyar da ma'aikatan lafiya tare domin su iya aiki tare. A 2010 ta sake fitar da cikakken tsari, ta kuma fayyace abin da take nufi: ɗaliban fannoni biyu ko fiye su san aikin juna, su koya daga juna, su kuma koya tare da juna. Zaman zaure bai cika ko ɗaya daga cikin ukun ba. A 2010 ɗin dai kwamitin masana da ya wallafa rahotonsa a mujallar likitanci ta Lancet ya ambaci ƙabilancin da ke tsakanin fannonin lafiya a cikin manyan cututtukan da suka addabi karatun, wato kowane fanni ya killace kansa yana ganin sauran a matsayin kishiyoyi. Ciwon da ya yi wannan zurfin ne ake son warkarwa da jawabin awa biyu.

Masu ganin wannan duk surutun 'yan boko ne su tuna abin da ya faru a Ingila a watan Maris na 2005. Wata mata mai shekara 37, lafiyayya, ta shiga ɗakin tiyata domin ƙaramin aiki a hanci. Bayan an yi mata allurar barci sai aka kasa zura bututun numfashi a maƙogwaronta. Manyan likitoci uku ne a kanta, biyu ƙwararru a fannin sa barci, ɗaya likitan kunne da hanci da maƙogwaro, dukkansu sun daɗe a aiki. Suka duƙufa suna maimaita ƙoƙari ɗaya, iskar da ke jininta tana ta raguwa, mintuna suna wucewa. Wata nas ta ɗauko kayan huda maƙogwaro ta wuya, ta kawo, ta ce ga su nan. Babu wanda ya tanka mata. Wata kuma ta kira sashen kula da masu matsanancin hali ta kama gado, da ta dawo ta faɗa sai aka yi mata kallon mai zuzuta abu, ta koma ta soke. Matar ba ta farfaɗo ba, ta rasu bayan kwana 13 saboda illar da rashin iska ya yi wa ƙwaƙwalwarta. Binciken da aka yi ya nuna ma'aikatan jinyar sun gane abin da ya kamata a yi, amma ba su san yadda za su faɗe shi a saurare su ba.

Ilimi bai yi ƙaranci a ɗakin nan ba, kayan aiki ma na nan a kusa. Abin da ya yanke shi ne hanyar da magana ke bi daga bakin ƙarami zuwa kunnen babba. Mijin matar matuƙin jirgin sama ne, kuma shi ya dage aka yi bincike, domin a aikinsu an daɗe da koyon wannan darasi. Bayan haɗarin jirage biyu a tsibirin Tenerife a 1977, inda mutum 583 suka mutu, kamfanonin jirage suka fara horar da mataimakin matuƙi yadda zai ƙalubalanci kyaftin, suna kuma horar da kyaftin yadda zai karɓi gyara. Horon nan a aikace ake yin sa, ana maimaita shi, ana kuma auna mutum a kai. To me ya sa a aikin da ya shafi rai kullum ake ganin lacca ta wadatar?

Na san amsoshin da ake bayarwa. Wasu malamai sun ce a bari kowa ya ƙware a fanninsa tukuna, haɗin kai zai zo da kansa a wurin aiki. Waɗancan likitoci uku sun ƙware iya ƙwarewa, kuma bai zo ba. Wasu sun ce jadawalin karatu ya cika maƙil, amma jadawalin bai taɓa rasa gurbin haddace abubuwan da ɗalibi zai manta washegarin jarrabawa ba. Akwai kuma masu tsoron cewa koyar da ɗalibai tare zai zubar da girman likita. Wannan ko amsa bai cancanta ba, domin girman da zai hana nas buɗe baki lokacin da maras lafiya ke shaƙewa ba abin karewa ba ne.

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ɗalibin da ya shekara biyar ko shida bai taɓa zama kan matsalar maras lafiya ɗaya da ɗalibar jinya ba, ya riga ya koyi darasinsa tun kafin ya karɓi takardar shaida. A ina ya koya? A zagayen duba marasa lafiya na safe. Yana tsaye a bayan babban likita, ya ga nas ɗin da ta kwana da maras lafiyar tana riƙe da fayil a ƙarshen gado, ba a tambaye ta yadda daren ya kasance ba. Ya ji an kira mai harhaɗa magunguna da "mutumin nan na kantin magani" don ya dawo da takarda yana tambaya kan yawan maganin da aka rubuta wa mai ciwon ƙoda. Ita ma ɗalibar jinya tana nata karatun a ɗakin hutu, inda manyanta ke gaya mata ta rubuta abin da ta gani a fayil ta yi shiru, kada ta jawo wa kanta. Wannan manhaja ba a rubuce take ba, amma kullum ake karantar da ita, kuma malamanta su ne mutanen da ɗalibai suka fi son zama kamarsu. Yini ɗaya a zaure ba zai goge ta ba.

Shaidar cewa cika takarda ba ya sauya hali tana nan a fili. A 2008 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fito da jerin abubuwa 19 da za a riƙa dubawa a ɗakin tiyata, ciki har da kowa ya faɗi sunansa da aikinsa kafin a fara yanka. A asibitoci takwas da aka fara gwada shi da gaske, mace-mace bayan tiyata sun sauka daga kashi 1.5 cikin ɗari zuwa 0.8. Amma da lardin Ontariyo na Kanada ya wajabta shi, binciken da aka wallafa a 2014 kan asibitoci 101 bai ga wani sauyi na a zo a gani ba. Takardar ɗaya ce. Ni a ganina bambancin shi ne a wani wuri mutane sun tsaya sun yi magana da juna, a wani wurin kuma an bi umarni kawai. Hanyar ta biyu ce makarantun yini ɗaya suka ɗauka, da idonsu a buɗe.

Ba kuma za su ce babu abin koyi ba. Jami'ar Linkoping a ƙasar Suwidin ta fara haɗa ɗaliban fannonin lafiya a karatu tun 1986, sannan a 1996 ta buɗe ɗakin kwantar da marasa lafiya inda ɗaliban shekarun ƙarshe, na likitanci da jinya da gashin ƙashi da sauransu, ke riƙe aikin tare na mako biyu ƙarƙashin kulawar malamai. Marasa lafiyar na gaske ne. Ɗalibin likitanci yana sa hannu a gyaran gado da juya maras lafiya, ɗalibar jinya tana da ta cewa a tsarin magani da ranar sallama. A nan ne mutum ke gane cewa wadda ta wuni a bakin gadon ta san abin da shi bai sani ba.

Abin da nake nema bai fi wannan ba: a kai ɗaliban gaban gado tare, malaman fannonin su ma su yi zagaye tare ɗalibai na kallo, sannan a sa maki. Ɗalibi ba ya ɗaukar abin da babu maki a kansa da muhimmanci, kuma kowane malami ya san haka. A shirya jarrabawar aikace inda ɗalibar harhaɗa magunguna za ta hango kuskure a takardar magani, a ga ko za ta faɗa a fili, a ga ko ɗalibin likitanci zai tsaya ya saurara. Wanda ya share ta ya faɗi jarrabawar, komai yawan abin da ya haddace. Su kuma masu tantance makarantu su daina karɓar rajistar mahalarta taro a matsayin hujja. Su tambayi makaranta makonni nawa ɗalibanta suka yi suna kula da marasa lafiya tare, kuma wa ya duba su.