"Shi kaɗai" a bakin Bature da a bakin Bahaushe

Shekarata shida ke nan a Birmingham ta ƙasar Ingila, aikina kuwa zagaya gidajen tsofaffi, in taimaka musu da wanka da magani da abinci. Kowane tsoho yana da takardar da muke rubuta halin da yake ciki. A cikin takardun nan na fara lura da yawan kalmomin da Turanci ya tanada don yin abu ba tare da kowa ba: alone, separately, individually, independently, single-handedly, har da solo da suka aro daga Italiyanci. Kowace da gurbinta, kuma babu wadda ke sa mai jin ta ya ce "ayya".

Wadda ta fi tsaya mini a rai ita ce independently, wato yin abu ba tare da dogaro da kowa ba. Akwai wani dattijo da nake zuwa wurinsa da safe, ya haura 80, matarsa ta rasu, 'ya'yansa suna wasu garuruwa. Kalmar da aka rubuta masa ke nan, kuma a wurinsu yabo ce: yana dafa shayinsa, yana hawa bene, ba ya jiran kowa. Duk gaskiya ne. Amma ni abin da idona ke gani shi ne kofi ɗaya a kife a gefen famfo, da talabijin a kunne tun asuba, ba don kallo ba, don dai a ji muryar ɗan Adam a gidan. Wata Litinin ya ce mini tun da na fita ranar Juma'a bai yi magana da kowa ba.

Da a ce da Hausa zan cike takardar, dole in zaɓi hanya ɗaya cikin biyu. Ko in ce "da kansa yake yin komai", wanda yabo ne, ko in ce "shi kaɗai yake zaune". Duk Bahaushen da ya ji ta biyun, abin da zai fara fita daga bakinsa shi ne, "To, ina 'ya'yansa?" A wurinmu kaɗai da kaɗaici tushensu ɗaya, ba ka ambaton wannan ba ka jiyo ƙamshin wancan ba. Turancin ma haka ya faro: alone (shi kaɗai) daga all one (duka ɗaya) ta fito, lonely (mai jin kaɗaici) kuma daga gare ta ta tsiro. Sai dai su sun raba musu gida, har mutum zai ce maka shi kaɗai yake amma ba ya cikin kaɗaici. Wasu da gaske suke. Da yawa kuma kalmar ce kawai take rufa musu asiri.

Ba ni kaɗai na ga haka ba. Ƙidayar 2021 ta nuna kusan kashi 30 cikin 100 na gidajen Ingila da Wales mutum ɗaya ne a ciki. A 2018 kuma gwamnatin Theresa May ta ɗora wa wata minista, Tracey Crouch, alhakin yaƙi da kaɗaici.

Ita kuwa separately a gidan abinci na fara karo da ita. Mun ci tare da abokan aiki, mai kawo abinci ya tambaya ko tare za a biya ko kowa nasa, nan take kowa ya zaro katinsa. Sai na tuna teburin mai shayi a Tudun Wadan Zariya, inda rigimar ita ce "bar shi, na riga na biya".

Ba na cewa tamu ba ta da aibu. Ranar da malamar 'yata ta rubuta cewa tana yin aikinta independently, daɗi na ji har raina, don na san a gida yaron da ya ja gefe da littafinsa ba ya minti biyar ba a ce masa "lafiya?" ba. Babba ma in ya cika son keɓewa sai a ce girman kai ne, ko ba ya son mutane. Alhali mun san keɓewa mai daraja, ga i'itikafi nan a goman ƙarshe na azumi. Ya kamata mu bar wa mutum wannan sararin ko a wajen masallaci.

Duk da haka, in aka ce in zaɓa, harshen da ke jin ciwo in an ce tsoho shi kaɗai yake zan ɗauka. Har yau in na kira Hajiya, bayan gaisuwa tambayarta ba ta wuce, "Kai da wa ka ci abinci?"

A takardar dattijon nan ina rubuta kalmar da aka saba, don haka aikin yake. Amma a ƙarƙashinta nakan ƙara layi ɗaya, in faɗi kwana nawa ya yi bai ga kowa ba. Ranar Litinin kuma nakan ɗauko kofi na biyu daga kabad, mu sha shayin tare kafin in wuce gida na gaba.