Ina son wuta a Damagaram, amma ina bayan su Kawu

Shekaranjiya da dare a fadarmu ta Sabon Gari, shayi na biyu bai ma sauka daga gawayi ba muka kusa ɓatawa da wani abokina da muka tashi tare. Dalili kuwa maganar nan da ke yawo a WhatsApp, ta mutanen ƙauyen da suka taru ƙofar mai gari suka ce ba su yarda a kafa tashar lantarki mai aiki da gaz a gonakinsu ba. Abokin nawa ya ce ai ƙauyawa ne, rashin sani ke damunsu, irinsu ne ke riƙe Damagaram cikin duhu. Na bar shi ya kai aya, sannan na shaida masa cewa cikin waɗanda suka taru ɗin akwai kawuna, wan mahaifiyata, uwa ɗaya uba ɗaya. Ya ba ni haƙuri, na kuma haƙura. Sai dai maganar ta hana ni barci, don na san ba shi kaɗai ke da wannan tunanin ba.

Kada wani ya ce ban san zafin rashin wuta ba. Shagon buga takardu gare ni, ɗaliban jami'ar André Salifou su ne rabin cinikina. In wuta ta ɗauke, abincin gidana ne ya ɗauke. Ban manta watan Agusta na 2023 ba, lokacin da Najeriya ta katse mana wuta bayan takunkumin da ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, CEDEAO, ta sa wa Nijar. A lokacin wajen kashi 70 cikin 100 na wutar da kamfanin lantarki na ƙasa, NIGELEC, ke rabawa daga can take zuwa, tamu ta wannan ɓangaren kuwa daga Katsina take biyo waya ta Gazawa. Wata da watanni ina zuba ribata a tankin janareto, har sai da aka maido da ita a watan Maris na 2024. Tela ya ji a jikinsa, mai walda ya ji, matan da ke sayar da ƙanƙara da zoɓo sun ji, balle marar lafiyar da ke kwance a likita cikin zafin da ya haura digiri 40. Saboda haka ranar da na fara jin za a kafa tasha a nan kusa da mu, wallahi murna na yi.

Kuma a kan takarda abin da ma'ana. Muna da mai a Agadem, ana turo shi ta bututu mai tsawon sama da kilomita 460 zuwa matatar SORAZ da ke wajen Bakin Birji, wadda ke aiki tun ƙarshen Nuwamban 2011 da ƙarfin tace ganga 20,000 a rana. A wurare da yawa masu arzikin mai, kamar Neja Delta, iskar gaz da ke fitowa tare da ɗanyen mai ƙone ta ake yi a sararin sama, ba ta amfani kowa ba. Gara a mayar da ita wuta. Hayaƙin gaz bai kai na gazuwal ƙazanta ba, kuma iskar da yake fitarwa mai ɗumama duniya kusan rabin ta gawayin ƙasa ce. Duk wannan na yarda da shi, har gobe.

Juma'ar da ta wuce na hau babur na tafi ƙauyen. Ba zan faɗi sunansa ba, ban nemi izininsu ba. Bayan mun sauko daga masallaci Kawu ya ce in biyo shi gona. Gonar nan tun kakanmu ake noma ta, hatsi da wake, ga itatuwan gawo da shi da kansa ya yi ta renonsu tun suna tsiro, yana sassabe yana kewaye su. A tsakiyarta ya nuna mini turaku masu jan fenti, an jera su sun ratsa ta biyu sun wuce gonar maƙwabci. Ya ce wata safiya suka ga motoci, mutane suka sauko da na'urori suna awo, suka kafa abinsu suka tafi. Na ce, "Kawu, me suka ce muku?" Ya dube ni ya ce, "Ɗana, ko sallama ba wanda ya yi mana."

Wannan kalmar ita ce ta juya ni. Dattijon da ya haura saba'in, a tsaya cikin gonar ubansa ana awo, shi yana gefe kamar baƙo. Daga baya ne aka turo wani ya zo ya ce aikin ci gaba ne, za a biya diyya, za a ɗauki samari aiki. Da suka fara tambaya sai ya ce shi ɗan aike ne.

Tambayarsu ta farko ruwa ce, kuma duk ɗan Damagaram na gaskiya ya san ba tambayar wasa ba ce. Garinmu a kan dutse yake zaune, ruwan ƙasa ba ya samuwa da sauƙi. Ƙarancin ruwa na cikin dalilan da ake bayarwa na ɗauke babban birnin ƙasa daga nan zuwa Yamai a 1926. Har yau ruwan da muke sha daga nesa ake jawo shi, daga Gogo da Machaya, daga Arunguza, daga Ganaram. Wanda ya taɓa kwana a layin pampo da bazara, ko ya bi ƴan garuwa yana roƙon bido biyu, ya san abin da nake nufi. To a irin wannan ƙasa mutum ya ji za a kawo masa masana'anta bakin rijiyarsa, ya tambayi ruwan da za ta sha, a ce masa jahili?

Na zauna na yi karatun abin gwargwadon iyawata, sai na tarar tambayar Kawu ita ce ainihin tambayar injiniyoyi. Tashar gaz iri-iri ce. Akwai wadda gaz ke ƙonewa ya juya injin kai tsaye, zafin da ya rage ya fice ta bututun hayaƙi. Wannan ba ta cin ruwa sosai, amma abin da take mayarwa wuta bai cika wuce kashi 35 zuwa 40 cikin 100 na ƙarfin gaz ɗin ba. Akwai kuma wadda ake tara wancan zafin a tafasa ruwa da shi, tururin ya juya inji na biyu. Ita tana kaiwa wajen kashi 55 zuwa 60, sai dai dole a sanyaya tururin ya koma ruwa, kuma in da ruwa ake sanyayawar, mai yawa ne ke bin iska kullum, dare da rana. Ana iya sanyayawa da manyan fankoki maimakon ruwa, amma ya fi tsada, kuma ƙarfin tashar na raguwa in zafi ya tsananta. Dama su injinan a yanayin digiri 15 ake auna ƙarfinsu, ka ga a watan Afrilu na Damagaram lissafin zai canza, ga ƙurar hunturu da ke toshe matatun iska. Wanne za a kawo mana cikinsu? In kamfani ya zaɓi mai arha ya haƙa rijiyoyin burtsatse masu zurfi yana zuƙa da manyan injina, ruwan ƙasa zai yi ƙasa, kuma rijiyar da za ta fara ƙafewa ita ce ta guga da igiya, wadda gwaggona ke ɗiba, wadda dabbobin Fulanin da ke sauka wurin da rani ke sha. Amsar wannan ba ta fi shafi ɗaya ba: lita kaza a rana, daga wuri kaza. A kawo shafin.

Sai maganar ƙasa. Mutane da yawa a birni suna ɗauka wanda ba shi da takarda ba shi da gona. Dokar ƙasar nan ba haka ta ce ba. Dokar karkara ta 1993 ta amince da mallakar gado ta gargajiya, kuma saboda irin wannan aka kafa kwamitocin filaye tun daga ƙauye har sama. Dokar karɓar fili don amfanin jama'a, ta 1961 wadda aka gyara a 2008, ta ce diyya ta zama ta adalci kuma a biya ta kafin a karɓa. Dokar 2018 kan binciken muhalli ta wajabta a auna illar babban aiki kafin a fara shi, a kuma ji ta bakin waɗanda abin zai shafa. Su Kawu ba su san lambobin dokokin nan ba, amma abin da suke nema shi ne abin da ke rubuce a cikinsu. Kuma jin ta bakin jama'a ba zai yiwu da kundi mai ɗaruruwan shafuka cikin Faransanci da aka ajiye a wani ofishi a Yamai ba. A zo ƙarƙashin itacen da suke taro, a faɗa musu da Hausa, a bar su su yi gardama.

Ko diyyar ma, abin da ke ci mini rai shi ne waɗanda lissafi ba ya kamawa. Mai gona za a rubuta sunansa. Matar da ke noma ƴar gayaunarta a gefen gonar miji fa? Wanda ya karɓi aro ko jingina ya shekara ashirin yana ci da iyalinsa? Burtalin da shanu ke bi? Kuɗi kuwa mun san halinsu, shekara biyu sun bi biki da magani da babur, gona kuma kowace damina tana nan. Kawu ya ce shi in dole ne sai an karɓa, a ba shi ƙasa a madadin ƙasa, mai kyau kamar tasa. Ban ga rashin hankali a wannan ba.

Abu na uku gwaggona ce ta faɗe shi, tana tankaɗe ko ɗago kai ba ta yi ba. Ta ce, "Wutar da za a yi a gonarmu, mu ma za mu gan ta, ko ta sama za ta bi ta wuce?" Duk wanda ke tafiya a hanyoyinmu ya ga garuruwan da manyan wayoyi suka ratsa ta kansu, su kuwa da tocila suke kwana. Wutar babbar waya ba ta shiga gida sai an kafa taransifoma an ja ƙananan wayoyi, kuma wannan kuɗi ne da sai an sa shi cikin lissafi tun farko. A ƙasar da wajen kashi 20 cikin 100 kawai ke da lantarki, akasarinsu kuma a birane, tsoron gwaggo yana da tushe. Su ɗauki ƙarar inji dare da rana, su ɗauki hayaƙi, su rasa gona, sannan su ci gaba da biyan dala goma don cajin waya, ni kuma in kunna fanka a Sabon Gari in ce musu maƙiya ci gaba. Ba zan iya ba.

Ban ce duk abin da aka faɗa a taron gaskiya ne ba. Na ji wani yana cewa hayaƙin zai hana ruwan sama sauka a garin, na ce masa wannan ba haka ba ne. Na kuma san a kowane irin wannan rikici akwai mai son farashin filinsa ya tashi, akwai mai neman suna. Amma jita-jita a inda aka yi shiru take tsira. Illolin da ke akwai na gaske an san su, an kuma san maganinsu: hayaƙin da ke tayar da ciwon ƙirji da asma in ya yi yawa, ƙara, yoyon gaz da haɗarin gobara. Tazara tsakanin tasha da gidaje, tsawon bututun hayaƙi, na'urar awon iska da jama'a za su iya ganin sakamakonta, motar kashe gobara a kusa, duk abubuwa ne da ake rubutawa a sa hannu. Ni kaina ina da tambayar da zan ƙara: wane gaz ɗin? In na ƙarƙashin ƙasa ne da za a jawo ta bututu, to bututun ma gonaki zai ratsa. In kuma irin na kwalba ne da matanmu ke girki da shi, ina tsoron ranar da tasha da murhu za su yi takara, mata su koma itace, a koma saran gawon da aka sha wahalar renonsa.

Wasu za su ce a bar gaz a yi hasken rana. An yi a Malbaza a 2018, an yi mai megawat 30 a Gorou Banda kusa da Yamai a 2023, kuma rana ba abin da muka rasa ba ce. Ina so a ƙara. Sai dai wutar dare sai da batura masu tsada, mu kuma da dare muka fi buƙatarta. Shi ya sa ban ce a yar da maganar gaz ba.

Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne yadda muka fara ɗaukar duk mai tambaya a matsayin maƙiyin ƙasa. Muna ta maganar dogaro da kai, kuma ina cikin masu yin ta da zuciya ɗaya, don na ɗanɗana abin da dogaro da wutar maƙwabci ya ja mana. Amma Kawu ma ɗan ƙasa ne. Hatsin da ya noma shi muke saye a kasuwar Dole. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma tashar da aka gina bisa ƙorafin maƙwabtanta kullum cikin gadi da zaman sulhu za ta ƙare, kuɗin kuma a takardar wutarmu zai fito.

Ranar Alhamis mai zuwa za su sake taruwa ƙofar mai gari. Kawu ya ce in zo da biro da takarda in rubuta musu tambayoyinsu da Faransanci, su dangwala hannu, a kai ofishin magajin gari da hukumar binciken muhalli. Zan rufe shago in tafi. In akwai wanda ya karanci ilimin ruwan ƙasa ko dokar filaye cikin masu karanta wannan, dalibi ko malami, ya yi mini magana ta akwatin saƙo kafin Laraba da dare. Akwai wuri ɗaya a bayan babur ɗina.