Kuɗin kaiwa har ƙofar gida kuka karɓa

Waɗanda suke bin maganar na'urar awon hawan jinin da na saya wa Inna, mahaifiyata, daga Legas, na biya kamfanin kai saƙo ya kai mata har gida a ƙauye, to ga inda aka kwana: kaya sun koma Legas. Sun zo har Kano, sun yi kwana biyar a ofis, aka juya su. Saƙon da ya shigo wayata wai an je ba a samu mai kaya ba. Wannan ƙarya ce kuma cin amana ne, ba ni da wani sunan da zan sa masa.

Wa aka je aka rasa? Tsohuwar da ciwon gwiwa ya hana ta leƙa ko gidan suna a maƙwabta? Ƙanena ya bar gona kwana biyu yana zaune a ƙofar gida da waya a hannu, a tsakiyar damina, lokacin da kowa ke fama da noma. Babu babur ɗin da ya shigo garin da kwali. Abin da ya gani kawai baƙuwar lamba ce ta yi ƙara sau ɗaya ta katse, ya bi kira har sau huɗu ba a ɗauka ba. Wannan ƙarar guda ɗaya ita ce aka rubuta a kwamfuta a matsayin "an je".

Ni magana ɗaya nake yi, kuma zan ta maimaita ta har ku gaji. Kuɗin kaiwa har ƙofar gida kuka karɓa. Na cike fom, na rubuta jiha, na rubuta ƙaramar hukuma, na rubuta sunan ƙauye. Manhajarku ba ta ce mini ba kwa zuwa can ba. Ta lissafa kuɗi, har ta ƙara mini wani abu saboda nisa, na biya. Daga lokacin da kuɗin nan ya fita daga asusuna alƙawari ya hau kanku, alƙawari kuwa kaya ne.

Da na kira su, yarinyar da ta ɗauka ta ce, "Yallaɓai, matsalar ita ce wurin ba shi da adireshi." Na ce mata, "Ƙanwata, ke ban ga laifinki ba, abin da aka ba ki ki karanta kike karantawa. Amma ki faɗa wa manyanki wurin yana da adireshi tun kafin a haifi kakanninsu." Ƙauyenmu yana tsakanin Gumel da Maigatari. Yana da dagaci, yana da masu unguwa, yana da masallacin Juma'a da makarantar firamare. Ka tsaya bakin tsamiyar da 'yan acaɓa suke fakewa ka ambaci sunan marigayi mahaifinmu, yaro ɗan shekara bakwai zai ruga a gabanka har zauren gidan. Matambayi ba ya ɓata. Abin da babu shi ne lambar gida da allon sunan titi irin na Nasarawa ko Maitama, su kuma a wurinsu duk gidan da ba shi da waɗannan biyun kamar ba a gina shi ba.

To ku faɗa mini, masu allurar shan inna yaya suke yi? Shekara da shekaru 'yan mata da akwatin sanyi a kafaɗa suna bin gida gida, har rugagen Fulani, suna ɗiga wa yara magani su rubuta alama da alli a jikin bango. Da wannan tafiyar ƙafar aka kai ga ranar da aka ayyana Afirka ta rabu da asalin ƙwayar cutar shan inna a watan Agustan 2020. Ba su nemi lambar gida ba. Hukumar zaɓe tana da rumfuna 176,846 a ƙasar nan, kuma ranar zaɓe akwati yana isa rumfar garinmu da safe. Dunƙulen Maggi yana isa. Lemon kwalba yana isa. Katin waya, omo na ƙulli, batir, taliya, duk suna kan teburin mai shago a ƙauyen da aka ce ba a san hanyarsa ba. Mai neman ƙuri'a ya san hanya, mai neman ciniki ya san hanya, sai wanda ya riga ya karɓi kuɗi ne hanya take ɓace masa.

Na san abin da wasu za su rubuto a ƙasa, don an riga an fara tura mini ta akwatin sirri. Wai hanya ba kyau. Titin kwalta ne daga Kano har Gumel har Maigatari, kuma duk ranar Alhamis manyan motoci suna lodin shanu da raƙuma da tumaki a kasuwar Maigatari suna yin kudu da su. Ragowar hanyar burji ce da ba ta kai tafiyar minti 20 a babur ba. Wai tsaro. Inda ake da matsalar tsaro ba wanda zai ce a tura ɗan mutane ya je ya hallaka saboda kwali, duk mun ga yadda aka rufe layukan waya a Zamfara a watan Satumbar 2021, mun san abin ba wasa ba ne. Amma wannan Jigawa ce, kuma ko a Zamfarar ce, sai ka faɗa wa mutum tun kafin ya biya. Wai man fetur ya yi tsada tun da aka cire tallafi a watan Mayun 2023. Ya yi tsada, ni ma a gidan mai nake saye. Ku sa farashin da zai fisshe ku, in na iya in biya, in ban iya ba in nemi wata hanya. Ba wanda ya roƙe ku ragi. Kuɗin da kuka yanka da kanku shi na biya, na kaiwa har ƙofar gida.

Wanda ya fi ɓata mini rai shi ne mai cewa ai ni na jawo wa kaina, me ya sa ban aika ta tasha ba. Mai sayar da kayan a Legas yake, kuma ya ce shi ta kamfani kawai yake turawa saboda rasit da lambar bibiya. Sannan don Allah ku duba abin da wannan maganar take nufi. Ana nufin ɗan birni ya zauna a kujera a ƙwanƙwasa masa ƙofa, ɗan ƙauye kuwa ya san matsayinsa, ya je tasha ya tsaya a rana. Ni ban yarda da wannan rabon ba. Naira ɗaya muke kashewa.

Tun da an kawo zancen tasha, bari in faɗi gaskiyarta. Ka je 'Yankaba da safe ka ba direban Gumel saƙo, ka rubuta lambar mai karɓa a jikin kwali, ka ɗauki lambar direba da ta mota, ka biya ɗan abin da aka ce. Kafin la'asar ya kira. In bai sami mutum ba ya ajiye wurin ɗan kamasho, ko ya ba ɗan acaɓan da ya san garin ya ƙarasa da shi. Babu kwamfuta, babu riga mai tambari, amma saƙo yana zuwa, domin direban nan gobe ma zai biyo hanyar, kuma in ya ci amana duk tashar za ta ji. Tana da nata aibin, ban ɓoye ba. Kaya sukan kwana ƙarƙashin buhun masara su fito a lotse, in abu ya fashe sai dai a ce a yi haƙuri. Abin da ya sa mutum yake biyan kamfani ninki biyu ko uku ke nan, yana sayen kwanciyar hankali. Me zai hana kamfanin ya ƙulla da waɗannan direbobin da 'yan acaɓan? Me zai hana ya ɗauki mai POS ko mai kemis guda a kowace kasuwar ƙauye ya zama wurin ajiya, a riƙa ba shi ɗan kaso? Mutanen suna nan, amanarsu a san take. Zuwa ne ba a son yi, a zauna da su.

Kuma kada kowa ya je ya zagi ɗan babur. Na yi hira da wani yaro da yake wannan aikin, ya ce a kan kowane kwali da ya kai ake biyan sa, mai kuma daga aljihunsa. A cikin gari zai kai goma sha kafin azahar. Kwali ɗaya na ƙauye zai cinye masa yini da tanki. Sai ya yi filashin ya danna "ba a samu ba", in aka yi haka sau uku kaya su koma. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Ƙarin da na biya saboda nisa bai shiga hannun yaron nan ba, to ina ya tafi?

Ko maganar adireshin ma, an daɗe da samo mata magani. Hukumar gidan waya ta NIPOST tana da lambobin yanki masu alƙaluma shida. A 2017 ta karɓi tsarin what3words wanda ya yanka duniya murabba'i murabba'i, mita uku uku, kowanne da sunansa. Ko wannan ma a bar shi, ƙanena ya tura alamar wurin ta WhatsApp, har da hoton ƙofar gida. Ba wanda ya buɗe.

Jama'a, wallahi ba kuɗin ne yake cin raina ba. Likita ne ya ce a riƙa auna ta safe da yamma ana rubutawa, saboda maganin da aka canza mata. Yanzu sai an ɗora ta a babur an kai ta kemis a wani gari kafin a san jininta ya hau ko ya sauka, ga gwiwa. Da na kira ta ina ba ta haƙuri, ita ce ta koma lallashi na. Ba ta kiran sunana, ɗan fari ne ni. Cewa ta yi, "Kai wannan, bar su, wataƙila ba su gane gidan ba ne." Har yanzu uzuri take nema musu. Irin mutanen da ake yi wa wannan abin ke nan, waɗanda ba za su taɓa hawa Facebook su yi ƙorafi ba.

Maganarta ce ma ta tuna mini da akwatin ƙarfen Baba. Da na je gida da sallah na buɗe shi, na tarar da wasiƙun da yayansa yake aiko masa daga Kumasi lokacin yana fataucin goro. A bayan kowace ambulan sunan Baba ne kawai, sai "ta hannun hedimasta", sai sunan makarantar firamaren garinmu da lambar akwatin gidan waya. Hedimasta ya karɓo in ya shiga gari ɗaukar albashi, ya ba ɗalibi ya kawo gida, da daddare a kira mai karatun boko ya karanta a gaban fitilar ƙwai. Akwai wadda kan sarkinta bai ko goge ba. Har da katunan gaisuwa na Zaɓi Sonka da Baba ya saya zai aika gidan rediyon Kaduna bai samu ya cike ba. In na koma gida zan ɗauki hotonsu in sa muku, musamman 'yan Zangon Kumasi da ke nan, ko wani zai gane unguwar da aka rubuta a kai.