Tarihin Kwalejin Barewa daga Katsina ya faro

Wani marubuci ya danganta martabar Kwalejin Barewa da shugabannin da ta yaye, kuma ya yi gaskiya, tun daga Tafawa Ɓalewa da Sardauna har zuwa Shagari da 'Yar'aduwa. Sai dai ya tsallake asalinta, domin a Katsina aka kafa ta a 1921 don horar da malamai, aka mayar da ita Kaduna a 1938, sannan Zariya a 1949, sunan Barewa kuwa sai 1971 aka raɗa mata. Ɓalewa da Sardauna da Shagari duk da alli a hannu suka fara aiki, suna koyarwa a makarantun midil. Shin malamin da ke tsaye gaban allo yau yana samun horo da mutuncin da suka samu?