Lambar nan guda shida da ake cewa ka karanto

Jama'a ni fa abin da ke ba ni haushi a wannan harka ta sace WhatsApp shi ne yadda muke maganar 'yan damfarar nan kamar wasu aljanu masu shiga waya ta iska. Wallahi yawancinsu ba wani ilimin kwamfuta gare su ba, kai ne da bakinka kake karanto musu lambar. Za a kira ka, murya a natse, cikakkiyar sallama har da ya iyali ya ibada, a ce daga gurup ɗin tsofaffin ɗalibai ne ko na ƙungiyar unguwa, wai akwai mitin ta intanet ƙarfe takwas na dare, an turo maka lambar shiga, karanto min in sa sunanka. Lambar nan guda shida ita ce wadda WhatsApp ke turowa idan ana son buɗe akawun ɗinka a wata wayar, kuma a jikin saƙon an rubuta kar ka ba kowa, amma mutum yana tsakiyar kasuwa ko yana kan babur, ina ya ga lokacin karantawa.

Kafin ka ankara an fitar da kai. Kuma ba hirarrakinka suka dame su ba, sunanka da hotonka suke so. Sai su bi mutanen da ke gurup gurup ɗinka ɗaya bayan ɗaya: Yaya don Allah taimaka min da dubu ashirin, ina asibiti da yaro, bankina ya ƙi tura kuɗi, gobe da safe zan mayar maka. Yaya ya duba ya ga hoton ƙaninsa ne, lambar ƙaninsa ce, sai dai sunan da ke akawun ɗin bankin na wani ne daban, ya tambaya a ce masa ai na mai POS ne da ke bakin asibitin. Shi kenan ya tura. Wata goggo a ƙauye ma ta aika yaro ya tura mata dubu biyar ɗin da ta ajiye.

Kuma abin da ke kai mu ƙasa a nan kunya ce. Mu mutane ne da idan ɗan uwa ya ce yana cikin matsala muna jin nauyin tambaya, kar ya ce ba mu yarda da shi ba. To ni dai ra'ayina, duk wanda ya nemi kuɗi ta rubutu, ko mahaifinka ne, kira shi ta layi ka ji muryarsa. In ya ce ba zai iya ɗagawa ba yana gaban likita, jira ya fito. Wanda da gaske yake cikin larura ba zai ji haushin kira ba, ai daɗi ma zai ji an damu da shi.

Maganin satar kanta ba ya cin ko sisi. Shiga Settings, Account, Two-step verification, ka sa naka PIN ɗin mai lamba shida da imel. Ko an yaudare ka ka ba da lambar, sai sun nemi wannan PIN ɗin. In kuwa ba ka sa ba su suka riga ka sawa, ko ka nemi sabuwar lamba ka sa, wadda ita ce za ta fitar da su, sai ka jira kwana 7 kafin ka iya shiga.

Sai maganar layi. Tun da CBN ta kawo BVN a 2014, aka kuma fara haɗa layi da NIN a ƙarshen 2020, ɗan ƙaramin sim ɗin nan ya zama mabuɗin asusunka. Mai ƙwacen waya sau da yawa sim yake hari, ya cire ya sa a ƙaramar waya ya fara gwada lambobin banki, ya sayi kati, ya nemi bashi da sunanka. Amma mutum nawa ne suka sa wa sim ɗinsu PIN? Wasu ma a cikin lambobin waya suke ajiye BVN da PIN na ATM, an rubuta ɓaro ɓaro. Ga iyayenmu mata da ake kai wa wayarsu shago a buɗe musu Facebook, yaron shago shi ya zaɓi fasuwod, yawanci lambar wayar ce ko shekarar haihuwa, kuma har wayar ta mutu ba wanda zai canza. Don Allah in ka je gida ranar Juma'a karɓi wayar Hajiya ka gyara mata waɗannan, ka kuma faɗa mata banki ba ya kira ya nemi PIN ko lambar da aka turo, ko da mai kiran ya faɗi cikakken sunanta.

In kuma abin ya riga ya faru, kar ka tsaya ɓoyewa wai kar a ce ka yi wauta. Ari wayar wani ka kira admin na kowane gurup ya cire lambar wayarka ya sanar, ka rubuta a Facebook, in waya aka ƙwace ka kira banki a toshe akawun tun kafin ka je ofishin kamfanin layi a yi maka welkom bak.