Kafin ka bari a fasa salansar motarka

A garejojin Bauchi ya zama ruwan dare mai mota ya kai gyara a ce masa abin nan mai kama da saƙar zuma da ke cikin salansa, wanda makanikai ke kira indomi, shi ne ya shaƙe injin, gara a cire shi. Wani ma ba a neman izininsa, sai daga baya ya ji ƙarar motarsa ta canza. A ganina wannan cinikin asara ne, kuma muna yarda da shi ne saboda yawancinmu ba mu san aikin da abin yake yi ba.

Injin fetur ba ya ƙone mai gaba ɗaya. Hayaƙinsa yana ɗauke da kabon monoksaid, da ragowar man da bai ƙone ba, da iskar naitrojin oksaid. Kabon monoksaid ba shi da launi, ba shi da wari, kuma jini yana kama shi fiye da yadda yake kama oksijin sau 200 da ɗoriya. Shi ne yake hallaka iyalan da suka kwana da janareto a cikin gida. Idan ya haɗu da oksijin yakan rikiɗe ya zama kabon dayoksaid, amma kafin hakan ta faru sai an tsinke ɗaurin da ya riƙe ƙwayoyin oksijin biyu-biyu, kuma tsinkewar tana buƙatar zafin da bututun hayaƙi ba ya kaiwa. Ƙwayoyin suna ta karo da juna, sai dai ƙalilan ne suke karo da ƙarfin da zai isa.

Wannan shinge shi katalis yake ragewa, wato abin da ke saurinta haɗuwar sinadarai ba tare da shi kansa ya ƙare ba, kuma aikin da indomi yake yi ke nan. Saƙar ta wani irin yumɓu ce, an shafe dubban ramukanta da 'yan giram kaɗan na ƙarafa masu tsada, wato filatinam, faladiyam da rodiyam. Idan hayaƙi ya ratsa, ƙwayoyin iskar suna maƙalewa a jikin ƙarfen, ƙarfen ya sassauta ɗaurinsu, ya riƙe su dab da juna har su haɗu, kuma aikin yana kankama da zarar zafi ya kai wajen digiri 300. Sabuwar iskar ta saki ƙarfen ta wuce, gurbin ya karɓi wata. Kamar dillali ne a kasuwa, yana haɗa mai saye da mai sayarwa, a gama ciniki ya juya ga na gaba, sai dai shi wannan ba ya karɓar la'ada. Ba ya tilasta haɗuwar da ba za ta yiwu ba. Wadda za ta ɗauki dogon lokaci ce yake gajarta wa hanya. Shi ya sa 'yan giram ɗin nan suke aiki shekara da shekaru ba su ƙare ba.

Ilimin ba sabo ba ne. Masanin Suwidin Berzelius ya bayyana shi a 1835, kuma tun 1913 ake amfani da katalis na baƙin ƙarfe a Jamus wajen haɗa naitrojin da haidrojin a samu amoniya, wadda daga gare ta ake yin takin yuriya da manomanmu ke zuba wa masara. A motoci kuwa, Amurka ta fara sa shi da yawa a 1975.

Gaskiya ne yakan toshe, ban musanta wa makanikai wannan ba. Amma me ya toshe shi? Galibi injin ne yake shan baƙin mai, tokarsa ta rufe fuskar ƙarfen, ko kuma filogi ya mutu, ɗanyen fetur ya riƙa ƙonewa a cikin saƙar har ta narke. Dalma a cikin mai ma tana kashe shi, abin da ya sa tun farko aka haɗa shi da fetur marar dalma. Wanda ya cire shi bai gyara zoben fistin ba, bai canza filogi ba, ciwon injin yana nan. Mai sayen indomin da aka cire kuma ya san abin da yake nema, domin ƙarafan nan, waɗanda akasarinsu daga Afirka ta Kudu da Rasha ake haƙo su, ana narkar da su a sake sayarwa da tsada.

Hayaƙin da ya fita ba a tace ba kuwa ba mai motar ne yake fara shaƙarsa ba, yana ciki ya rufe gilashi. Masu talla a Wunti, da masu Keke Napep da ke wuni a cunkoson Kasuwar Muda Lawal, da yaran da tsayinsu bai wuce bakin salansa da yawa ba, su ne suke shaƙa. Idan makaniki ya ce maka ya toshe, ka nemi ya fara nuna maka abin da ya toshe shi a injin.