Ni da faifan Radiohead da garmahon Kawu

Wani Bature da muka yi zaman gida ɗaya lokacin ina karatu a Ingila ne ya ja mini. Duk sanda muka haɗu a kicin, ina tuƙa tuwon semo yana gasa burodi, zancensa ɗaya ne: ƙungiyar mawaƙan Ingila mai suna Radiohead. Tun ina gyaɗa kai don kara, har na wayi gari na haddace tarihinsu kamar karatun allo. Yara biyar ne da suka haɗu a wata makarantar maza a garin Abingdon, kusa da Oxford, a 1985: Thom Yorke mai waƙa, da wa da ƙane Colin da Jonny Greenwood, da Ed O'Brien, da makaɗinsu Philip Selway. Sunansu na fari On a Friday, don ran Juma'a suke haɗuwa su gwada kiɗa. Na ce masa a unguwarmu yaron da ya ɗauki jita ran Juma'a, bulala ce ladansa. Bai ma yi murmushi ba, ya ci gaba da ba ni labarin yadda kamfanin EMI ya ɗauke su a 1991 ya sa suka sake suna.

Babban abin da ya cusa mini shi ne wai kiɗan nan ba a jin sa a waya. Waya matse sauti take yi, ta zubar da romon ta bar maka ƙashi, sai dai a faifan garmaho. Shi da ya faɗa, kullum da abin sauraro toshe a kunnensa yake yawo. Ni kuwa da na ari aƙidar, sai na fi mai kora shafawa. Na ɗauki alkawarin kunnena ba zai ji su ba sai a faifai.

Saura mako guda in dawo gida na shiga wani shagon gwanjon faya-fayai, na ci karo da kundin waƙoƙinsu In Rainbows, irin na cikin kwali mai kauri, manyan faya-fayai biyu har da littafi. Labarinsa kuwa na san shi tamkar yunwar cikina. Bayan kwantiraginsu da EMI ya ƙare, ranar 10 ga Oktoba 2007 suka ɗora kundin a shafinsu na intanet, suka ce kowa ya sauke ya biya abin da ya ga dama, ko da sisi bai bayar ba. Na kwalin ne kawai suka yanka wa fam 40. Da mai shagon ya faɗi kuɗinsa, sai jinin Kantin Kwari ya motsa. Na ce ai masu kayan da kansu cewa suka yi a biya abin da ya sawwaƙa. Ya dube ni ta saman tabarau, ya nuna mini takardar farashin da yatsa. Kuɗin cefanen mako biyu na ajiye masa.

Na dawo Kano da faifai, ba abin kunna shi. Nan na tuna da Kawu. Shekara arba'in yana gyaran rediyo kafin idonsa ya yi rauni, kuma har yau garmahonsa na nan a ɗaka, lulluɓe da zane kamar amarya. Ya ba ni aro bayan huɗubar rabin awa a kan allura. Da zai fara bayanin maɓallin saurin juyawar faifai, mai lamba 33 da 45 da 78, na tare shi. Na ce, "Kawu, ai a ɗakin nan na tashi. Ƙananan faya-fayai a 45, manya a 33, na zamanin Turawa a 78." Ya ce to, tunda masani ya zo.

Bayan isha'i aka kawo wuta. Na goge faifan da hular sallata, na ɗora, na sa a 33, na sauke allura a hankali kamar mai ajiye ƙwai.

Ganga ta fara tafiya ɗaya-ɗaya, kamar raƙumin da ya yi kwana uku bai ga rijiya ba. Can sai ga murya, ƙatuwa, mai kauri, tana jan kowace kalma kamar ana jan guga. Tsikar jikina ta tashi. Na ce lallai, wannan shi ne romon. Uwargida ta leƙo daga tsakar gida da ludayi a hannu ta ce, "Maigida, lafiya? Wa ya rasu?" Na ce ba za ki gane ba, wannan kiɗan masu tunani ne.

Abu ɗaya ya ɗan ɗaure mini kai. Na karanta cewa waƙa goma ce, tsawonsu minti 42 da ɗoriya, amma nawa sai ya ci kusan awa guda. Na yi nazari na gano dalili: gyara ce. Yadda mai tumatir ke ƙara wa mai sayen kwando, haka su ma suka ƙara wa masu sayen faifai kwata guda.

Da na ga abin ya fi ƙarfin mutum ɗaya, sai na gayyato 'yan majalisarmu. Na sa aka dafa shayi. Na yi musu bayanin kundinsu OK Computer na 1997 da lambar yabo ta Grammy da ya ci, da Kid A na 2000 da ya hau saman jadawalin ciniki a Amurka, da yadda mutum biyar ɗin nan ba su taɓa canza ko ɗaya a cikinsu ba, ba kamar ƙungiyar adashinmu da ta rabe gida uku a shekara ɗaya ba. Sannan na kawo tawa fassarar: sanyin Ingila ne ke daskarar da murya. Mutumin da zai yi wata huɗu bai ga rana sosai ba, dole waƙarsa ta yi nauyi. Wani ya zaro waya zai nemo su ya ji, na riƙe hannunsa na ce a gidana ba a wannan bidi'ar. Biyu suka yi barci kafin a juya faifai. Na ce kun gani, har cikin jijiya yake shiga.

Mako uku ina wannan wa'azi. Ranar wata Asabar, majalisa ta cika, sai ga Kawu ya zo duba lafiyar garmahonsa. Aka ba shi kujera. Ya karkata kai ya yi shiru kamar minti ɗaya.

"Ɗan nan, wannan mawaƙin jinya yake yi?"

"A'a Kawu, salonsu ne. Sanyin ƙasar ne."

"Waƙa nawa ce a gefen nan?"

"Biyu ko uku. Goma ce aka raba gefe huɗu."

"Faifai kamar faranti, waƙa uku kacal? Ai wannan gudu yake so."

Ya miƙa hannu, ko duba maɓallin bai yi ba, ya murɗa shi zuwa 45.

Raƙumin nan ya zama doki. Ganga ta miƙe tana tsalle, jita ta washe, ƙatuwar muryar da na yi mako uku ina yabo ta koma siririya tana can sama kamar sarewa. Ihun da na riƙa ce musu na fusatattun ma'aikata ne a waƙar farko, ashe ƙananan yara ne ke sowa. Ɗaya daga cikin masu barcin ya buɗe ido ya ce, "Ikon Allah! Ashe mace ce?" Na ce namiji ne. Ya ce to sanyin ya narke ke nan.

Kawu ya yi mini bayani a taƙaice, ba tare da ya dube ni ba, cewa akan buga babban faifai a 45 don sauti ya fi fita tas, shi ya sa ba ya ɗaukar waƙa da yawa. Ya saurari gefen har ƙarshe yana kaɗa ƙafa, ya ce makaɗin ba laifi, ya iya ƙirga. Sannan ya sa jikansa ya ɗauki garmahon, wai allurarsa ta wahala haka.

Faifan na nan a saman durowa cikin kwalinsa. Shekaranjiya ina cin abinci wani yaro ya yi sallama a zaure, uwargida ta tambaya wa ake nema. Ya ce wai ana kiran Malam Talatin da Uku a majalisa.